Ganyen Turare Cikin Busassun Furanni: Ba Busar da Shi Ake Yi Ba, Shayar da Shi Ake Yi

Mai haɗa busassun furanni ba ya rasa launi. Akwai furanni da dama da ko an yanke su an rataye su wata guda, ja yana nan ja, rawaya tana nan rawaya. Abin da ke ba shi ciwon kai shi ne ganye. Yawancin ganyaye idan suka bushe sai su nannaɗe, su koɗe, su yi ƙamas, da an taɓa su sai su marmashe a hannu. Haɗin fure kuwa in babu ganye, tsirara yake. Kawunan furanni ne kawai a kan tsinkaye, ido ya rasa inda zai huta tsakanin wannan launi da wancan.

Masu wannan sana'a a Turai da Amurka da Japan sun daɗe da samo mafita, kuma ganyen da suka fi dogara da shi na wani itace ne da ke tsaye a gefen titunanmu: wanda masana tsirrai ke kira Eucalyptus, mu kuma muka fi saninsa da turare, wasu su ce zaiti. A shagunansu akan jera shi tare da busassun furanni, a sayar da shi da sunan ganyen da aka adana. Sai dai wanda ya riƙe shi a hannu zai ji bambanci nan take. Ganyen yana lanƙwasuwa ba ya karyewa, yana da sanyi da ɗan maiƙo, reshen ma yana tanƙwaruwa. Dalili shi ne ba a busar da shi ba. An fitar da ruwan jikinsa ne aka maye gurbinsa da gilisarin. Duk halin wannan ganye, mai kyau da marar kyau, daga nan ya samo asali, kuma yawancin masu saye da suke kuka da shi daga baya, wannan ne ba a gaya musu ba.

Asalin itacen daga Ostareliya yake. Yana da iri fiye da 700, kusan duka 'yan can ne, in ban da 'yan kaɗan da ake samu a Niyugini da Timor da wasu tsibiran Indonesiya da Filifin. Wani mai tattara tsirrai, David Nelson, ya ɗebo samfurinsa a tsibirin Bruny na Tasmaniya a 1777, a tafiya ta uku ta Kyaftin Cook, shi kuma masanin nan na Faransa, L'Héritier, ya bayyana shi a rubuce a 1789. Daga nan itacen ya bazu duniya. Sarki Menelik na biyu ya sa an dasa shi a Addis Ababa a shekarun 1890 saboda ƙarancin itacen girki. A ƙasar nan kuma an dasa shi a dajin gwamnati na Afaka kusa da Kaduna, da filayen da haƙar kuza ta lalata a tsaunin Jos, da layukan itatuwan tare iska na jihohin Kano da Jigawa. Irin da ya fi yawa a wajenmu shi ne Eucalyptus camaldulensis, mai dogon ganye siriri da ke reto ƙasa.

Wanda ya saba da wannan dogon ganye zai yi mamakin ganin abin da masu furanni ke sayarwa, domin nasu zagayayye ne, kamar an jera kwabbai biyu-biyu a jikin tsinke. Ba wani itace daban ba ne. Irin turare da yawa suna da ganye iri biyu a rayuwarsu. Na ƙuruciya yakan zo zagayayye ko mai faɗi, biyu suna fuskantar juna, manne da reshe ba wuya, launinsa tsakanin shuɗi da toka. In itacen ya girma sai ya canza zuwa dogon ganye kore mai wuya, ɗaya nan ɗaya can. Kasuwar furanni na ƙuruciyar take so. Saboda haka manomin ganye ba ya barin itacensa ya girma. Kowace shekara yakan datse shi ƙasa-ƙasa, kututturen ya sake fitar da toho, tohon kuma da ganyen ƙuruciya yake zuwa. Gonar ganyen turare ba ta kama da daji ko kaɗan. Kututture ne a layi, kowanne da tulin rassa da ba su fi tsayin mutum ba.

Irin da aka fi nomawa don wannan aiki ba su da yawa. Akwai Eucalyptus cinerea mai zagayayyen ganye fari-fari. Akwai Eucalyptus gunnii na tsaunukan Tasmaniya, mai jure sanyi, shi ya sa ake iya noma shi har a Ingila da Ailan. Akwai parvula mai ƙananan ganye, da nicholii mai siriri. Sai Eucalyptus pulverulenta, wanda aka fitar da samfurin nan mai suna Baby Blue daga cikinsa. Shi yana riƙe ganyen ƙuruciya har tsufansa. Wannan na ƙarshe labarinsa da ban mamaki: a dazukan jihar New South Wales inda Allah ya halicce shi, gwamnatin Ostareliya ta sa shi cikin jerin tsirran da ake fargabar raguwarsu, amma a shagunan furanni na duniya ba a rasa shi. Manyan wuraren noman sun haɗa da gaɓar Liguriya a Italiya, wajajen Sanremo da Imperia, da tuddan Tanneron a kudancin Faransa kusa da Cannes, da Kalifoniya. Kaso mai yawa na wanda ake yanka a Turai yana bi ta kasuwar gwanjon furanni ta Aalsmeer a Holan. A gonakin Turai, lokacin girbi daga kaka ne zuwa ƙarshen sanyi, bayan tohon shekara ya ƙosa.

Wannan fari-farin da ke jikin ganyen, wanda shi ne rabin kyansa, kaki ne siriri da ganyen ke fitarwa don kare kansa daga rana da ƙishi. Yana gogewa. In ka murza ganyen da yatsa za ka bar tabo kore mai duhu a wurin, kuma ba ya dawowa. Shi ya sa ƙwararru ke kama reshe ta gindi, ba sa shafa ganyen don jin laushinsa kamar yadda mai saye ke yi a shago.

Gilisarin kuwa ba baƙo ba ne a gidajenmu. Shi ne ruwan nan mai kauri marar launi da mata ke saya a kemis su haɗa da man shafawa in hunturu ya kama. Ɗan Suwidin mai haɗa magunguna, Carl Wilhelm Scheele, shi ya fara ware shi a 1779 yana dafa man zaitun da wani sinadarin darma. Yau ana samunsa ne a matsayin rarar masana'antar sabulu da ta man dizal na tsirrai, inda kowane kilo 10 na man ke barin kusan kilo 1 na gilisarin. Halayensa biyu ne suka sa ya dace da ganye. Na farko, ba ya tashi a iska. Sai zafi ya kai digiri 290 yake tafasa, alhali ruwa a 100 yake tafasa, kuma ruwan ko ba a dafa shi ba yana ƙafewa. Na biyu, yana jan laima daga iska ya riƙe.

Yadda yake shiga ganyen shi ne wurin da ya fi ba ni sha'awa, domin ba mutum ke tura shi ba, ganyen ne ke jansa da kansa. Reshen da aka yanke bai mutu nan take ba. A jikin kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ruwa ke fita ya bi iska. Duk ɗigon da ya fita sai ya ja wani daga ƙasa, ta cikin siraran jijiyoyin da suka taso tun daga gindin reshe. Haka itace ke ɗaga ruwa daga saiwa zuwa ƙololuwa ba tare da famfo ba. To, in aka tsoma gindin reshen cikin ruwan da aka dama da gilisarin, sai ya ci gaba da aikinsa bai san an canza masa abin sha ba. Haɗin ya hau, ya isa ganye, ruwan ya fice ta ƙofofin, gilisarin ya rasa hanyar fita ya zauna. Kullum ruwa na raguwa, gilisarin na taruwa, har ya cika gurbin da ruwa ya bari. Ganyen ya mutu daga ƙarshe, amma ɗakunan jikinsa ba su motse ba, domin akwai abin da ya tokare su. Wanda ya san aikin majema zai gane da sauri: fatar da aka shanya kawai ƙirgi take zama, ta ƙandare, wadda aka jeme kuwa takan yi laushi ta daɗe a haka.

Wannan bayani shi ke fassara duk ƙa'idojin aikin, waɗanda in an karanta su a jere sai su yi kama da camfi. Dole reshen ya zama ɗanye shar, wanda aka yanko yau, domin wanda ya kwana a rana iska ta riga ta shiga jijiyoyinsa ta toshe su. Dole a sake yanke gindin a karkace da wuƙa mai kaifi, a tsoma nan take. Akan auna gilisarin kashi 1, ruwa kashi 2, wasu su kai 3. Ruwan ya zama mai zafi don su haɗu sosai, sannan a bari ya huce zuwa ɗumi. Gilisarin tsantsa ya yi kauri da yawa, ba zai hau ba. Zurfin santimita 8 zuwa 10 ya isa, a cire ganyen da zai nutse, a riƙa ƙarawa in ya ja ƙasa. Reshen kada ya wuce kamu biyu ko uku, saboda in ya yi tsawo kan zai yanƙwane kafin abin sha ya isa can. Toho sabo mai taushi ba ya karɓa, langaɓewa yake yi; ganyen da ya ƙosa ake nema. Wurin ajiya kuma ya zama inuwa mai iska, domin in iska ba ta ɗauke ruwa daga ganyen ba, babu abin da zai ja na ƙasa.

Tsofaffin littattafai suna cewa a daddaka gindin reshe da guduma. Masu aikin yanzu da yawa sun bar wannan, suna ganin dakan yana murƙushe jijiyoyin da ake so su buɗe. Tsaga gindin gida biyu da wuƙa ya wadatar.

Daga mako ɗaya zuwa uku aikin ke ɗauka, gwargwadon kaurin reshe da yanayin iska. Ana iya bin tafiyarsa da ido. Launi yakan fara canzawa daga jijiyar tsakiyar ganyen ƙasa, ya bazu zuwa gefe, ya hau ganye na gaba. In ya kai kan reshe, kuma ganyen sama ya yi laushi irin na ƙasa, an gama. In aka ga ƙananan ɗigo suna tsattsafowa a fuskar ganye, an wuce gona da iri, sai a cire a goge da tsumma. Bayan an cire akan rataye rassan kai ƙasa na 'yan kwanaki don abin da ya taru a gindi ya gangara zuwa kai. Wannan hanya ba ta yi wa furen kansa aiki yadda take yi wa ganye. Fatar fure ta yi siriri, ba ta jan ruwa da ƙarfi. Furen wardi da ake sayarwa a adane, wanda ake yi a Ekwado da Kolombiya da Kenya da lardin Yunnan na Sin, wata hanya daban ake bi da shi, ta tsomawa cikin sinadarai.

Sai batun launi, inda nake ganin 'yan kasuwa ba sa faɗin gaskiya duka. Gilisarin yana adana laushi, ba ya adana kore. Sinadarin da ke ba ganye launin kore yana rushewa da zarar ganyen ya mutu, ko ya sha gilisarin ko bai sha ba. Ganyen turaren da aka shayar da gilisarin ba tare da rini ba yakan koma toka-toka mai duhu, ko ruwan ƙasa, wani har ya yi ja-ja kamar tagulla. Saboda haka duk wanda ka gani a shago kore shar, rini ne. Ana zuba rinin cikin haɗin, ya hau tare da gilisarin ya shiga jijiyoyi, shi ya sa ba ya kama da fenti. Da wannan dabara ake samun ja da shuɗi da ruwan goro da baƙi. Akwai kuma wanda ake jiƙawa a sinadarin cire launi har ya yi fari fat, sannan a rina shi ruwan hoda. Rini ba laifi ba ne, mu da muke da marina ba za mu ƙi shi ba. Laifin shi ne a sayar wa mutum rinannen ganye a ce masa launinsa na halitta ne. A nawa ganin ma, wanda ba a rina ba ya fi zama da busassun furanni, domin su ma launinsu ya riga ya lafa. Kore mai ƙyalli a tsakiyar zangarniyar alkama da busasshiyar ciyawa yakan yi ihu, ya sa na kusa da shi su yi kama da tarkace.

A wajen haɗawa, ganyen ne ake fara kafawa, ba furen ba. Shi ke zana tsawo da faɗin abin da za a gina. Tsohuwar ƙa'ida ita ce reshe mafi tsawo ya kai tsayin tukunyar sau ɗaya da rabi, kuma ko da yake ba wahayi ba ce, wanda ya fara da ita ba ya ɓata. Akan sa dogaye a baya ko a tsakiya, matsakaita a gefe, sannan biyu ko uku gajeru su leƙo ta bakin tukunya su rufe shi. Daga nan sai manyan furanni, irin su Protea na Afirka ta Kudu ko Banksia na Ostareliya, su zauna ƙasa-ƙasa inda nauyinsu ba zai rinjayi haɗin ba. Ƙanana su biyo baya su cike gurbi. Nan ne amfanin laushin ganyen ke fitowa. Busasshen fure yadda ya bushe haka zai tsaya, in ka matsa masa ya karye. Reshen turare kuwa ana iya lanƙwasa shi a hankali da ɗumin hannu, a naɗa shi a zoben waya a yi abin ratayawa a ƙofa, a bi da shi ta bayan wani fure ya ɓullo ta gefe. Shi ke sa haɗin ya yi kamar yana motsi.

Kowane iri da aikinsa. Baby Blue a miƙe yake, ganyensa a cushe, ya dace da ba da tsawo. Sai dai gindinsa yana da danƙo, yana ɓata hannu in ana tsige ganyen ƙasa. Mai faɗin ganye irin su cinerea da polyanthemos yakan sunkuya, ya rufe wuri mai yawa da reshe kaɗan, ya dace da bakin tukunya da shimfiɗar tsakiyar teburi. Mai ƙananan ganye na cike gurbi ne. Akwai kuma wanda ake yankowa da 'ya'yansa, gungun ƙananan ƙwallaye, yana karya santsin ganyen. Haɗa iri biyu a tukunya ɗaya ya fi tara iri ɗaya da yawa. Kuskuren da ya fi yawa wajen sababbin hannu shi ne cushewa. Ganyen turare yana bukatar sarari tsakanin rassa don a ga siffar kowane ganye, in aka matse shi sai ya koma dami.

Kada a zuba ruwa a tukunyar. Wannan ya kamata a rubuta a jikin kowane ƙulli da aka sayar. Gilisarin yana narkewa a ruwa, rinin ma haka. A kwana biyu ruwan zai rine, gindin ya ruɓe, ganyen ya rasa abin da ke riƙe da shi. Wanda ya ga dole ya haɗa shi da ɗanyen fure a biki, sai ya toshe gindin da narkakken kyandir tukuna. Akwai kuma wata al'ada da ta yaɗu a Amurka ta rataya ganyen turare a banɗaki don tururin ruwan zafi ya tayar da ƙamshinsa. Wannan da ɗanye ake yi. Wanda ya gwada da rinanne, bangonsa zai gaya masa. Don tsayar da rassa, yashi busasshe a gindin tukunya ko dunƙulen ragar waya irin ta kejin kaji ya isa. Soson nan kore da ake soka fure a ciki, wanda Vernon Smithers ya ƙirƙiro a jihar Ohio a 1954, roba ce da ke marmashewa ba ta ruɓewa, har ƙungiyar masu lambu ta masarautar Ingila ta hana amfani da shi a bukukuwan baje kolinta daga 2021. In tukunyar ta ƙasa ce marar ƙyalli, a shimfiɗa wani abu a ciki, domin yumɓu yana shan maiƙon ya yi tabo.

Yanayinmu yana da nasa hukuncin a kan wannan ganye, kuma ya saɓa da abin da aka rubuta don Landan ko Tokiyo. A hunturu, lokacin da laimar iska a Kano da Zinder ke faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin 100, busasshen fure yakan ƙara ƙandarewa har ya riƙa zuba da kansa. Ganyen da ya sha gilisarin ya fi jure wannan. Matsalarsa a lokacin ƙura ce, wadda ke manne wa maiƙon jikinsa. Ba a wanke shi, sai dai a hura masa iska mai sanyi ko a kaɗe da burushi mai laushi. Damina ce abokiyar gabarsa. A watan Agusta, in iska ta cika da laima, gilisarin yakan ja ta har ganyen ya fara gumi. Ɗigon da ke fita yana ɗauke da rini, ya sauka a kan teburi, ko labule, ko farin bango, ko farar ciyawar da ke jingine da shi a tukunya. In abin ya daɗe sai fumfuna ta biyo baya. Wanda ke Legas ko Kumasi zai fi shan wannan wahala fiye da na Sakkwato ko Maraɗi. Maganin ba mai tsada ba ne: a janye tukunyar daga jikin bango, a sa faranti a ƙarƙashi, a ajiye ta a ɗakin da iska ke ratsawa ko mai na'urar sanyaya ɗaki. Kafin a saya, a shafa farin tsumma mai ɗan danshi a ganye ɗaya na ƙasa. In ya kama launi sosai, ba a gama tsane shi ba a masana'anta.

Rana kai tsaye tana koɗar da rinin. In za a ɓoye shi har wani biki, a naɗe shi da takarda a sa a kwali, ba a leda ba, kuma kada a haɗa shi kwali ɗaya da busassun furanni, domin laimar da yake riƙewa za ta lalata su. Masu talla sukan ce ba ya mutuwa. In an kula da shi zai yi shekara ɗaya, biyu, wataƙila uku da kyansa, daga nan ya fara dusashewa.

Ƙamshi ma bai kai yadda ake zato ba. Man da ke cikin ganyen turare, wanda ake sawa a man zafi irin Vicks, yana raguwa a lokacin shayarwa, abin da ya rage kuma yakan tafi a 'yan watanni. In ƙulli ya buge ka da ƙamshi tun daga ƙofar shago, ka yi zaton fesa masa aka yi. Man turaren dai guba ne in an sha. Kaɗan daga tataccensa na iya kai yaro asibiti, kuma likitocin dabbobi sun sa ganyen cikin jerin abin da ke cutar da kyanwa da kare da doki. Balle wanda ya sha rinin masana'anta: ba a dafa shi don sirace, ba a jefa shi a kasko da sunan turaren wuta. Kaskon ma a nisanta shi da tukunyar gaba ɗaya, haka kyandir da maganin sauro na kunnawa. Ganyen turare mai ne a jikinsa, ga busasshiyar ciyawa a gefensa, tartsatsi ɗaya ya ishe su.

Akwai da'awar cewa wannan kwalliya ta fi ɗanyen fure sauƙi ga muhalli. Da gaskiya a ciki, tunda ƙulli ɗaya yana maye gurbin furanni masu yawa da za a ɗauko a jirgin sama cikin sanyi su mutu a mako. Amma wanda aka wanke da sinadari aka rina, wani har aka fesa masa ƙyalli, bai kamata a zuba shi cikin taki ba. Ya fi furen roba da ke cika ɗakunan amare, wannan ba musu, sai dai ba shi ne tsarkakakken abin da ake zana wa mutane ba.

Ga masu ƙawata zauren biki da 'yan jere a garuruwanmu, tambayar ita ce ko sai an yi odarsa daga waje. Zagayayyen ganyen nan dai camaldulensis ba zai ba da shi ba. Ko tohonsa na ƙuruciya mai ɗan faɗi ne kawai, ba zagayayye ba. Amma dogon ganye mai reto shi ma yana da kasuwa a waje, ana nemansa don haɗin da ake so ya zubo ƙasa, kuma jijiyoyin turarenmu iri ɗaya ne da na 'yan'uwansa. Duk inda aka sare itacen don yin azara ko turken gini, kututturen yakan fitar da rassa masu yawa, madaidaita, daidai tsayin da ake bukata, waɗanda mai gona zai rage su ko ba a roƙe shi ba. Lokacin da ya fi dacewa a gwada shi ne ƙarshen damina zuwa farkon kaka, ganye ya ƙosa, itacen yana ƙoshe da ruwa, iska kuma ba ta bushe ƙwarai ba. A tsakiyar hunturu iska na iya zuƙe ganyen da sauri fiye da yadda haɗin ke hawa, sai a ƙara ruwa a awon, a gajarta rassan, a yanka da asuba.

Abokan haɗi kuwa ba sai an nemo Protea ba. Zangarniyar dawa, musamman ja, da ta gero, da alkamar Kadawa, da audugar da ta fashe a jikin karanta, da kan gamba da kyasuwa, da busasshiyar kuɓewa da aka bari ta tsage, da 'ya'yan bagaruwa, da kaba, duk suna bushewa da kyau ba tare da an sa musu komai ba, kuma audugar da kuɓewar da alkamar ana sayar da irinsu a shagunan furanni na Turai. Hatsin ne kawai ke bukatar lura, saboda ƙwari da ɓera ba su san kwalliya ba. A yanke zangarniyar kafin ta gama nuna, a busar da ita sarai a inuwa, a riƙa dubawa. Gilisarin da za a saya ya zama tsantsa, wanda ba a haɗa da turare ko man shafawa ba, domin mai yana toshe jijiyoyin reshe. Abin da ya rage a kwalba bayan an gama ba a zubarwa: a tace shi da tsumma, a ɗumama, a sa sababbin rassa, ko da ya yi duhu yana aiki.